Hannun Gem: Tarihin Abin da Muka Riƙe, Daga Famicom Zuwa Shagunan Wuse



Kwanakin baya na shiga Wuse 2 da niyyar sayen abu ɗaya tak, wato hannun gem irin na da, wanda zan haɗa da kwamfuta in nuna wa ɗana wasannin da muka tashi da su. Yaron shekararsa 10, kuma a ƙwallon PlayStation ya fi ni nesa ba kusa ba, amma bai taɓa ganin Contra ba. Ranar da na ce masa akwai lokacin da hannun gem ba shi da analog ko guda ɗaya, sai ya dube ni ya ce, "Abba, to da me kuke tafiya?" Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ta tsaya mini a rai.

Na zagaya shagunan Banex da na kewayenta, har wani matashi ya jera mini hannaye biyar a kan kanta ya ce, "Oga, duk na da ne, ka ɗauki wanda ya yi maka." Ga mai kama da na Super Nintendo, ga mai madanni shida irin na Sega, ga mai ƙahoni biyu irin na PlayStation, ga tagwaye masu waya ɗaya da ake jonawa a kwamfuta, ga kuma wani da aka yi wa jikin da amma aka dasa masa analog biyu. Na daɗe a tsaye ban iya zaɓa ba, don na lura kowannensu zamaninsa daban, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya yi daidai da wanda na riƙe a Kano ina yaro. Haka na dawo gida hannu rabbana.

Abin da na fahimta bayan 'yan kwanaki ina tunani da karance-karance shi ne, kusan duk wani madanni da ke jikin hannun gem, wani wasa ne ya sa aka ƙirƙire shi. Sannan hanyar da waɗannan na'urori suka biyo suka iso gare mu ta sha bamban da ta Japan da Amurka. Wanda ya san waɗannan abubuwa biyu, da wuya ya yi asarar kuɗinsa a kasuwa.

Daga sanda zuwa alamar tarawa

A shekarar 1977 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da na'urar da daga baya aka fi sani da Atari 2600. Hannunta sanda ce a tsaye a kan ɗan akwati, da jan madanni guda ɗaya a gefe. Ka riƙe akwatin da hannun hagu, ka juya sandar da na dama. Wasannin lokacin ba su buƙatar fiye da haka, tafiya ce da harbi. Abin da ya fi daɗewa daga gadon Atari shi ne bakin wayarta mai ƙafa 9, wanda za mu sake cin karo da shi a gaba.

Sauyin gaske daga birnin Kyoto ya zo. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa tun 1889 yana buga katin wasa, yana da wani ma'aikaci mai suna Gunpei Yokoi, wanda da farko aikin kula da injinan masana'anta aka ɗauke shi. Shi ne ya ƙirƙiro 'yan ƙananan wasannin aljihu na Game & Watch a 1980. Da aka zo yin na Donkey Kong a 1982, sai aka ga ana buƙatar tafiya sama da ƙasa da hagu da dama, ga shi kuma na'urar ninke ta ake yi kamar littafi, sanda ba za ta bari ta rufu ba. Sai aka kwantar da sandar ta koma madanni shimfiɗaɗɗe mai siffar alamar tarawa, wanda babban yatsa kaɗai ya isa ya sarrafa. Shi ne abin da a duniyar gem ake kira D-pad. A ƙarƙashinsa akwai ɗan tudu a tsakiya wanda madannin ke jingina a kai, shi ya sa ba ka iya danna hagu da dama a lokaci guda. Mai karatu ya riƙe wannan ɗan tudun a ransa, don a nan ne hannaye masu araha suka fi kasawa.

Ranar 15 ga Yuli, 1983 Nintendo ta fitar da Family Computer a Japan, wadda ake taƙaitawa Famicom, mai launin ja da fari. Hannayenta biyu a liƙe suke da jikin na'urar, ba a cire su. Na farko yana da D-pad da A da B da Start da Select, na biyu kuwa ba shi da Start da Select, amma an sa masa makirfo. A 1985 aka sake mata jiki, aka kai ta Amurka da sunan NES. Umarni takwas ke nan gaba ɗaya, kuma da su aka buga Super Mario Bros. da Contra da sauransu. Nintendo ta yi wa siffar D-pad ɗinta rajistar mallaka, rajistar ba ta ƙare ba sai 2005, wannan ne ya sa sauran kamfanoni suka yi ta kewaye-kewaye: Sega ta yi nata kamar faifai, Sony kuma ta raba nata gida huɗu a ido.

Abin da ya iso gare mu

A Ingila na fara riƙe hannun gem, lokacin mahaifinmu yana aiki a can, kuma NES ce ta asali, mai launin toka. Da muka zo hutu Kano a 1992, sai na cuso kasusuwan... a'a, kaset-kaset ɗina guda uku a jaka, ina ta ɗokin in burge 'yan uwana. Ina zuwa na tarar su ma suna da tasu na'urar, kuma nawa kaset ɗin ko bakin ramin bai shiga ba. Sai da na girma na san dalili: kaset ɗin NES ƙafa 72 gare shi, na Famicom kuma 60, tasu kuwa kwaikwayon Famicom ce. Kaset ɗinsu ɗan ƙarami ne, galibi ruwan ɗorawa, an rubuta a jikinsa cewa akwai wasanni dubbai a ciki, alhali idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sauya suna. Duk da haka ni ne na koma ɗan kallo, don ni wasa uku gare ni, su kuwa ga Mario, ga Contra, ga na tankar yaƙi, ga na harbin agwagwa da bindigar roba.

Ba abin mamaki ba ne da kwaikwayon ya riga na asali shiga gidajenmu. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP, darajar naira ta yi ta zubewa, zuwa 1993 dala ta kai kusan naira 22 a farashin gwamnati. Ma'aikacin da ke fama da kuɗin makaranta ba zai sayi na'urar asali da kaset ɗai-ɗai ba. Masana'antun Taiwan da na Sin suka cike wannan giɓi, 'yan kasuwa suka yi ta shigo da kayan ta Legas, daga kasuwar Alaba su bazu zuwa Sabon Gari a Kano da sauran garuruwa. Ba mu kaɗai ba ne. A Rasha irin wannan na'ura ce mai suna Dendy ta mamaye gidaje tun daga 1992, har yaran can da yawa suka girma ba su san akwai wata ta asali ba. Daga baya ma aka riƙa zuba kayan cikin Famicom a jiki mai kama da PlayStation, kamar wadda ake kira PolyStation, iyaye da dama suka sayo wa 'ya'yansu suna murna, sai an jona a talabijin a ga kama da wane ba ta wane.

Ga inda zancen ya shafi mai son sayen hannu a yau. Hannayen waɗannan na'urori na kwaikwayo galibi madanni huɗu gare su a dama, ba biyu ba. Biyu na ƙasa A da B ne, biyu na sama kuma su ne turbo, waɗanda idan ka danne su suke ta maimaita harbi da kansu. Da yawanmu da turbo muka ƙetare Contra. Saboda haka idan ka sayi hannun da aka kwaikwayi na NES sak, za ka ji wani abu ya ɓace a ƙarƙashin yatsanka, don abin da kake riƙe da shi ƙuruciyar yaron Amurka ce, ba taka ba. Haka kuma yawancinsu bakin nan mai ƙafa 9 irin na Atari suke da shi, wanda a ido daidai yake da na Sega, amma haɗin wayoyin ciki daban ne. Yara nawa ne suka ari hannun maƙwabta suka jona, ya shiga daram, amma ya ƙi motsi?

Sega, faɗa, da madanni shida

Sega ta fitar da Mega Drive a Japan ranar 29 ga Oktoba, 1988. A Amurka Genesis ake ce mata, amma mu da Turai sunan Mega Drive muka sani, a bakin yara kuwa "Sega" kawai. Hannunta na farko baƙi ne, mai lanƙwasa kamar ƙodar sa, da madanni uku a jere: A, B, C. Ya wadatar a Sonic na 1991 da Streets of Rage 2 na 1992. Matsala ta taso ne da Street Fighter II, wanda Capcom ta fitar a 1991 da madanni shida, uku na naushi uku na shuri. Da aka kawo wasan kan Mega Drive a 1993, mai hannu mai madanni uku sai ya riƙa danna Start don ya sauya daga naushi zuwa shuri ana tsakiyar faɗa. A wannan shekarar Sega ta fitar da hannu mai madanni shida, har da wani ɗan madanni mai suna Mode don tsofaffin wasannin da ke rikicewa da sabon hannun. Faifan D-pad ɗinsa yana juyawa da laushi, don haka zagayen nan na ƙasa zuwa gaba da ake yi kafin a jefa wuta ya fi sauƙi a kansa. Har yau masu wasan faɗa suna yaba shi.

A unguwanninmu Mortal Kombat ne sarki. Shi ma a 1993 ya zo gidaje, kuma na Sega ya fi farin jini saboda idan ka danna A, B, A, C, A, B, B a farkon wasa jini zai bayyana, abin da aka cire a na Nintendo. Yaron da ya haddace irin waɗannan sirrika a bayan littafin lissafinsa, ana girmama shi kamar mai unguwa.

Nintendo kuwa tun ranar 21 ga Nuwamba, 1990 ta fitar da Super Famicom, wadda ta zama Super Nintendo a waje. Hannunta ya kawo abubuwa biyu da har gobe ake amfani da su: madanni huɗu da aka jera kamar lu'ulu'u a dama, da madannan kafaɗa guda biyu, L da R, waɗanda suka ba manuniyar yatsa aiki. Duba hannun PlayStation 5 ko na Xbox na yau, za ka ga wannan tsari yana nan. Shi ya sa yawancin hannayen da ake sayarwa da sunan "na da" siffarsa suke ɗauka. Amma a iya abin da na gani, Sega ta fi ta yawa a gidajen da na shiga a Kano da Zariya.

Akwai wata wahala da 'yan baya ba su sani ba. Talabijin ɗinmu tsarin PAL yake bi irin na Ingila, mai hoto 50 a daƙiƙa, Japan da Amurka kuma NTSC, mai 60. Na'urar gwanjo da ta fito daga can takan nuna hoto fari da baƙi, kuma idan ta Amurka ce, wutar 110 take ci, ka jona ta kai-tsaye a tamu sai dai ka ji ƙauri. Wasannin da aka yi wa PAL kuma da yawansu sun fi na asali nawa da kusan kashi 17 cikin 100. Don haka idan ka kunna Sonic a kwamfuta yau ka ji kiɗan ya yi sauri, ba tsufa ne ya kama ka ba.

PlayStation da gidan gem

Mun dawo Najeriya gaba ɗaya a 1997, kuma Abuja aka kawo mu. Lokacin bai fi shekara shida da komawar gwamnati nan ba, wadda aka yi ranar 12 ga Disamba, 1991. Gari ne na ma'aikata, tituna faɗa-faɗa, ba kowa da yamma. Wani abin sha'awa, tsakiyar birnin ma wani Bajapane ne, Kenzo Tange, ya zana ta. Amma rayuwar yara ba a can take ba, tana Garki da Wuse da Nyanya da Karu da Kubwa, kuma a nan ne na san gidan gem.

Sony ta fitar da PlayStation ranar 3 ga Disamba, 1994. Wanda ya zana hannunta, Teiyu Goto, ya yi masa ƙahoni biyu don tafin hannu ya sami abin kamawa, ya ƙara madannan kafaɗa suka zama huɗu, ya kuma sa alamomi a maimakon haruffa. Ya bayyana cewa mai kusurwa uku na nufin inda mutum yake kallo, mai kusurwa huɗu takarda ce, da'ira na nufin e, X kuma a'a. A wancan lokacin a Japan da da'ira ake amincewa, a Turai da Amurka kuma aka juya abin ya koma X. Mu da muke buga faifan Japan da na Turai a na'ura ɗaya, mun sha fita daga wasa muna zaton shiga muka yi. Hannun farko ba shi da analog. Nintendo 64 ce ta yaɗa shi a 1996 saboda Super Mario 64, inda ake tafiya ta kowace fuska, a hankali ko da gudu. A 1997 Sony ta amsa da analog biyu, kafin ƙarshen shekarar ta ƙara masa jijjiga ta kira shi DualShock. PlayStation 2, wadda ta fito a 2000 aka kuma sayar da fiye da miliyan 150, da wannan siffa ta ci gaba.

Gidan gem shago ne ɗan ƙarami, ko kwantena, da benci, da talabijin biyu ko uku, da ƙaramin janareta a bakin ƙofa saboda NEPA. Wasan kuwa ƙwallo ne. Super Eagles sun je gasar duniya a Amurka a 1994, sannan ƙungiyar su Nwankwo Kanu da Jay-Jay Okocha ta ci zinare a Atlanta a 1996 bayan ta doke Brazil da Ajantina, don haka kowane yaro ƙwallo ce a kansa. Winning Eleven na kamfanin Konami shi ya riƙe gidajen gem, duk da rubutunsa da Japananci yake, mai sharhinsa Jon Kabira yana ta ihu da harshen da ba mu ji. Mun haddace wuraren dannawa kamar makaho da hanyar gidansu. Kowa ya san dabarar ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin ƙafa. A Winning Eleven da magajinsa PES, da mai kusurwa huɗu, wanda muke kira bokis, ake buga shot, a FIFA kuwa da da'ira. Har yau idan na zo gaban raga yatsana bokis yake nema, ɗana yana ta dariya.

Tsarin wurin irin na 'yan dara ne a gindin bishiya: biyu na bugawa, goma na kallo suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba, wanda aka ci shi zai biya, ya kuma miƙa hannu ga na gaba. Hannun nan ba na kowa ba ne, na kowa da kowa ne. A yini guda yatsu hamsin za su iya bi ta kansa. Robar analog ta cinye, an naɗe wayar da salatif, R1 ya lotsa saboda gudu. Duk wanda aka ci, maganarsa ɗaya ce: "Hannun ne ba shi da kyau." Mai shago kuma ya zama injiniyan dole. Zai kwance hannun, ya goge allon ciki da auduga da sifirit, ya ciro robar wani mataccen hannu ya dasa a wannan. A ƙarƙashin kowane madanni roba ce mai ɗan baƙin tabo na gawayi, ita ke haɗa wuta idan an danna, datti ya taru a wurin sai madanni ya mutu. Wannan ilimi na gyara shi ne rabonmu a tarihin gem, kuma ban ga inda aka rubuta shi ba. Shagon da na fi zuwa ma rusau ya tafi da shi tuntuni.

Da ya zama kasuwa

Bayan shigowar wayar GSM a 2001, wasa ya fara komawa aljihu, daga macijin Nokia har zuwa wayoyin shafa na yau. NEPA ta zama PHCN a 2005, aka sayar da ita a 2013, PES ma ya koma eFootball a 2021, FIFA kuma ya zama EA Sports FC a 2023. Yaran da suka yi layi a gidan gem sun zama iyaye masu albashi, kamfanoni kuma suka gane cewa kewar da abin sayarwa ce. Nintendo ta fitar da ƙaramar NES a 2016 da ƙaramar Super Nintendo a 2017, Sony ta yi tata a 2018, Sega ta biyo da Mega Drive Mini a 2019. Kamfanoni irin su 8BitDo da Retro-Bit suka shiga ƙera hannaye masu tsohuwar siffa da kayan ciki na zamani. Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma a wannan harka an sami hanyar sayar wa mutum bara a cikin kwalin bana.

To, wanne za a ɗauka?

Abu na farko, ka tambayi kanka wasan da za ka fi bugawa. Idan Mario ne da Contra da ire-irensu, D-pad shi ne komai. Ka sa babban yatsa a tsakiyarsa ka danna da ƙarfi tun a shago. Idan duk ya nutse gaba ɗaya, ba shi da ɗan tudun nan na Yokoi, kuma zai riƙa tsugunar da kai alhali gaba ka nufa. Ka kuma duba ko yana da turbo. Idan Mortal Kombat ne da Street Fighter, nemi mai madanni shida a fuska irin na Sega. Idan kuwa ƙwallo ce ko wasannin zamani, dole sai mai analog biyu da madannan kafaɗa huɗu, kuma mai ƙahoni ya fi, don hannu shimfiɗaɗɗe irin na Super Nintendo yara aka yi wa, babban mutum yakan gaji da shi bayan awa ɗaya. Mai son tseren mota ya tabbatar madannan baya suna jin nauyin dannawa kamar totur, don a yawancin masu tsohuwar siffa kunnawa da kashewa kawai suke yi.

Na biyu, da me za ka haɗa shi? Tun zuwan Xbox 360 a 2005, tsarin da ake kira XInput ya zama abin da wasannin Windows suka fi ganewa. Tagwayen hannayen nan masu araha galibi tsohon tsari suke bi, sai ka ga sabon wasa bai san da su ba, ko ya jirkita madannan. Da yawa daga hannayen da ke aiki da kwamfuta da Android da Switch ba sa aiki da wasannin PlayStation 5, don haka a karanta jikin kwali da kyau. A kuma lura cewa a tsarin Nintendo A tana dama B tana ƙasa, a na Xbox kuwa akasin haka ne.

Na uku, jinkiri. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto bai kai kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa ba, kuma an tsara tsofaffin wasanni ne don talabijin mai ƙeya wanda ba ya jira. Mai waya ya fi tabbas, mai ɗan makulli da ake jonawa a USB na bi masa, Bluetooth kuma ya danganta da na'urar. Sau da yawa ma laifin na talabijin ɗin zamani ne, sai an sa shi a tsarin gem. Bindigar harbin agwagwa kuwa a haƙura da ita, ba ta aiki a talabijin na bango.

Na huɗu shi ne na mazaunin Abuja. Ƙurar hunturu ba ta raga wa analog. A cikin na gama-gari akwai ɗan ƙarfe da ke gogar wani layi na gawayi, yau da gobe ya cinye, ƙura ta shiga, sai ka ga ɗan wasanka yana tafiya shi kaɗai ba ka taɓa shi ba. Akwai masu aiki da maganaɗisu, waɗanda ake rubuta Hall effect a kwalinsu, su babu gogayya a cikinsu. Ba sabon abu ba ne, Sega ta sa shi a Dreamcast tun 1998. Ka juya bayan hannun ka ga ko da noti aka ɗaure shi, don wanda ake iya kwancewa shi ake iya gyarawa. Kuma idan batirinsa a ciki yake, ka tabbatar yana aiki da waya ko cajin ya ƙare. Araha dai ba ta ado.

Kammalawa

Ranar Asabar na koma Wuse 2 tare da yaron. Na ɗauki mai analog biyu da D-pad mai kyau saboda shi, na kuma ɗauki mai madanni shida saboda kaina. Mai shagon ya ce, "Oga, ai ɗaya ya isa." Na ce masa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mu ba mu taɓa sanin gem a matsayin abin da mutum ke yi shi kaɗai a ɗaki ba.

Da daddare muka kunna Contra. Kafin a fara na karɓi hannunsa na danna sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, wato sirrin nan da Kazuhisa Hashimoto ya fara sawa a Gradius a 1986 saboda wasan ya yi masa wuya wajen gwaji. Rai 30 ya bayyana. Yaron ya zaro ido ya ce, "Abba, a ina ka gani?" Na ce wani yayana ne ya koya mini a Kano, a tsakar gida, kafin a ɗauke wuta. A mataki na uku ya faɗa rami sau huɗu a jere, ya ajiye hannun a cinya ya ce wai hannun ne ba shi da kyau.

Wanda duk yake da tsohuwar Sega ko Famicom a ƙarƙashin gado a gidansu, don Allah kada ya bari a sayar wa 'yan gwangwan. Sai mun sake haɗuwa.